Tsuntsun Teku Mai Dogon Baki: Yadda Ake Gane Shi, a Bambanta Shi da Ƴan'uwansa

Gabatarwa

Kowace shekara, daga watan Oktoba zuwa watan Maris, tsuntsaye masu ɗimbin yawa suna baro Turai da Asiya saboda sanyi. Suna ƙetare hamadar Sahara, su sauka a kogin Isa, da tabkin Cadi, da tabkunan jahohin Tawa, Maraɗi da Damagaram. A cikinsu akwai waɗansu fararen tsuntsaye masu dogayen fukafukai. Suna shawagi bisa ruwa, suna bin jiragen masunta, suna kuma zama bisa ruwa kamar agwagwa. Da Faransanci ana ce wa ƙananansu mouette, manyansu kuma goéland. A wannan shafi za mu kira su tsuntsayen teku, domin yawancin danginsu a bakin teku suke zaune.

Ba iri ɗaya ne duka ba. Akwai waɗanda ake gani kowace shekara. Akwai kuma wani wanda ganinsa a ƙasashen da ba su da teku abu ne mai wuya ƙwarai, shi ne mai dogon baki. Yana kama da biyu daga cikin ƴan'uwansa, har masu dogon sani sukan yi kuskure. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ce. Wannan darasi zai nuna mana alamomin da ake dubawa, ɗaya bayan ɗaya.

Mi ya sa ake son a gane su?

Tun shekarar 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama, a tsakiyar watan Janairu. An faɗaɗa wannan aiki zuwa Afirka a shekarar 1991. Ƙungiyar Wetlands International ce ke haɗa sakamakon. A Nijar, ma'aikatan gandun daji da muhalli ne ke fita ƙidayar, kuma sau da yawa masunta da mutanen gari ne ke nuna musu wuraren da tsuntsaye ke taruwa.

Wannan ƙidaya tana da amfani ga mutane, ba ga tsuntsaye kaɗai ba. A shekarar 1971 ƙasashe suka sa hannu kan wata yarjejeniya a garin Ramsar na ƙasar Iran, domin kiyaye tabkuna da fadamu. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 1987. Daga cikin sharuɗɗan sa wani ruwa cikin jerin wuraren Ramsar akwai guda biyu da suka shafi tsuntsaye. Na farko, a riƙa samun tsuntsayen ruwa 20,000 ko fiye a wurin. Na biyu, a riƙa samun kashi 1 cikin 100 na wani rukunin tsuntsun ruwa guda. Tabkin Tabalak, da na Ɗan Dutsi, da na Lasuri sun shiga jerin a 2005. Tabkin Madarunfa da na Gidimuni sun shiga a 2019.

Ke nan, in an ƙirga tsuntsu da sunan wani, an ɓata lissafi. In lissafi ya ɓaci, ba za a san wane iri ne ke raguwa ba, ba za a kuma san halin da ruwan yake ciki ba. Ruwan da ya daina ciyar da tsuntsu mai cin kifi, ba da jimawa ba masunci ma zai ji a jikinsa.

Wane ne mai dogon baki?

Da Faransanci sunansa goéland railleur. Masana kimiyya suna kiransa Chroicocephalus genei. An sa masa wannan suna a shekarar 1839, domin tunawa da wani masanin dabbobi ɗan ƙasar Italiya mai suna Giuseppe Gené.

Tsawonsa daga baki zuwa wutsiya kimanin santimita 40 ne. In ya buɗe fukafukai, faɗinsu ya kai kimanin mita ɗaya. Ya fi tantabara girma, amma bai kai hankaka ba.

Yana yin sheƙa a gaɓar tekun Bahar Rum, da Bahar Aswad, da tekun Kasfiya, har zuwa Fakistan. A Afirka ta Yamma yana hayayyafa a Banc d'Arguin na ƙasar Muritaniya, da bakin kogin Salum a ƙasar Senegal. Suna taruwa da yawa a tsibiran yashi, kowace mace ta yi ƙwai biyu ko uku a ɗan rami bisa ƙasa. Abincinsa ƙananan kifi ne, da ƙwarin ruwa, da ƙananan jatan lande na ruwan gishiri.

A nan akwai abin lura. In an ce tsuntsu ba shi da yawa, maganar tana iya nufin abu biyu. Ko dai ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya, ko kuma ya yi ƙaranci a wani wuri kawai. Mai dogon baki bai kusa ƙarewa a duniya ba. A bakin tekun Senegal da Muritaniya ana ganinsa da yawa. Amma shi tsuntsun ruwan gishiri ne, kuma daga Yamai zuwa gaɓar Senegal akwai kimanin kilomita 2,000. Saboda haka duk wanda ya ce ya gan shi a wani tabki na Sahel, sai ya kawo shaida mai ƙarfi.

Alamominsa guda shida

1. Baki. Dogo ne, kamar an ja shi gaba. A babba, launinsa ja ne mai duhu, daga nesa har yana yi kamar baƙi. A ƙarami kuwa ruwan goro ne mai haske.

2. Goshi. Ba shi da tudu. Yana gangarowa a hankali har ya haɗu da baki, sai fuskar ta yi tsawo.

3. Kai. Fari ne a kowane lokaci na shekara. Ba ya yin baƙar hula ko ta ruwan toka. A lokacin sanyi ana iya ganin ɗan tabo mai haske a bayan ido, wani lokaci ma babu.

4. Ido. A babba fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa.

5. Wuya da ƙafafu. Sun fi na ƴan'uwansa tsawo. In yana iyo, yakan miƙa wuya gaba, ya sunkuyar da baki, wutsiya ta ɗan ɗaga sama.

6. Ƙirji. A lokacin hayayyafa, farin gashin ƙirji da ciki yakan yi ɗan ja-ja mai haske.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Sai an haɗa uku ko huɗu.

Na farko da ake rikita shi da shi: mai baƙin kai

Sunansa da Faransanci mouette rieuse. Baƙo ne daga Turai da Asiya. Yana zuwa Sahel da sanyi, ya koma kafin zafi ya tsananta. Ya ɗan fi mai dogon baki ƙanƙanta, tsawonsa bai cika wuce santimita 39 ba.

Sunansa yana ruɗar mutane. A lokacin hayayyafa ne kawai kansa ke yin duhu, kuma ba baƙi wuluk ba ne, ruwan ƙasa ne mai duhu. A watannin da yake tare da mu, kansa fari ne. Sai wajen ƙarshen Fabrairu da Maris waɗansu ke fara yin hular.

Ga yadda ake bambanta su:

Kan mai baƙin kai a dunƙule yake, goshinsa da tudu kamar na tantabara. Na mai dogon baki a miƙe yake.

Bakin mai baƙin kai gajere ne, siriri, ja ne mai baƙin tsini a lokacin sanyi.

Idonsa baƙi ne a kowane lokaci.

Tabon da ke bayan idonsa baƙi ne, ana ganinsa sarai ko daga nesa.

Wuyansa gajere ne, yana riƙe kai a tsaye in yana bisa ruwa.

A kula: in suna tashi, zanen fukafukansu kusan ɗaya ne. Dukansu suna da farin tsiri a gaban fiffike, daga gwiwar fiffike zuwa tsini, da ɗan baƙi a ƙarshen gashin. Don haka fiffike ba ya raba waɗannan biyu. Kai da baki ne ke raba su.

Na biyu: mai tokar kai

Sunansa da Faransanci mouette à tête grise. Shi ba baƙon Turai ba ne, ɗan Afirka ne. Ana samunsa a manyan ruwaye kudu da Sahara, har da tabkin Cadi da kogin Isa. Akwai shi kuma a Amurka ta Kudu. Girmansa kusan ɗaya ne da mai dogon baki.

A lokacin hayayyafa kansa yana yin ruwan toka mai haske, da ɗan zane mai duhu a gefen hular. A wannan lokaci gane shi ba wuya. Matsalar ita ce in hular ta koɗe. Sai kan ya koma kusan fari, ga shi idonsa fari ne, bakinsa da ƙafafunsa ja, kamar na mai dogon baki. A nan ne mutane da yawa ke kuskure.

Maganin wannan ruɗani shi ne a jira ya tashi. Tsinin fiffikensa baƙi ne mai faɗi, kuma a cikin baƙin akwai fararen ɗigo guda biyu. Ƙarƙashin fiffike yana da duhu kusan duka. Bayansa ma ya fi na sauran biyun duhu. Bakinsa ya fi kauri, goshinsa bai kwanta kamar na mai dogon baki ba.

Tambaya biyu masu sauƙi

In ka ga babban tsuntsu daga cikin waɗannan uku, tambayi kanka:

Ta farko: Idonsa baƙi ne ko fari? In baƙi ne, mai yiwuwa mai baƙin kai ne.

Ta biyu: In idon fari ne, akwai fararen ɗigo cikin baƙin tsinin fiffike? In akwai, mai tokar kai ne. In babu, sai a ƙara duba baki, da goshi, da wuya, domin mai yiwuwa mai dogon baki ne.

Sauran da ke iya shiga tsakani

Akwai mai baƙin baya, wanda ake kira goéland brun. Shi ma daga Turai yake zuwa. Babba ne sosai, ya wuce santimita 50, ya fi hankaka. Bayansa da saman fukafukansa baƙi ne ko toka mai duhu. Ƙafafunsa ruwan ɗorawa ne. Bakinsa mai kauri ne, ruwan ɗorawa, da jan ɗigo a ƙasa. Ƙanana masu ruwan ƙasa ne da zane-zane, sai sun shekara huɗu suke yin kamar iyayensu. Girmansa kaɗai ya isa a raba shi da sauran ukun.

Akwai kuma wani dangi na kusa, da Faransanci sterne da guifette. Fukafukansu sirara ne masu tsini, ƙafafunsu gajeru, wutsiyarsu a tsage take, kaɗan ko da yawa. In suna neman abinci, bakinsu yana kallon ƙasa, sai su faɗo su tsinci abu bisa ruwa ko su tsunduma. Ba su cika zama bisa ruwa suna iyo ba. Tsuntsayen teku da muke magana a kansu kuwa wutsiyarsu a daidai take, kuma suna iyo sosai.

Ƙananan tsuntsaye sun fi wuya

Mai dogon baki, da mai baƙin kai, da mai tokar kai ba sa cika kamar iyayensu sai sun kai kimanin shekara biyu. A shekarar farko dukansu suna da gashi ruwan ƙasa a saman fiffike, da baƙin layi a ƙarshen wutsiya. Idon ƙananan yakan zama mai duhu, kuma ƙaramin mai tokar kai bai riga ya yi fararen ɗigon fiffike ba. Ke nan tambaya biyun nan ba sa aiki a kansu.

Abin da ba ya sakewa shi ne ƙira. Dogon baki, da kwantaccen goshi, da dogon wuya suna nan tun tsuntsun yana ƙarami. Haka kuma ruwan ƙasan da ke fiffiken ƙaramin mai dogon baki ya fi na sauran haske, kamar wanda rana ta koɗar.

Abubuwan da ke ruɗar ido

Hasken rana. Da hantsi ko gab da faɗuwar rana, kowane farin tsuntsu yana iya yin ja-ja. Kada a dogara ga launin ƙirji kaɗai. Wani lokaci ma mai baƙin kai yakan yi ɗan wannan launi.

Laka. Ruwan da ke da jar ƙasa yana rina ciki da ƙafafu.

Hazo. A watannin Disamba da Janairu ƙurar hunturu tana dusashe launi, ido ba ya ganuwa daga nesa.

Tsayuwar tsuntsu. Wanda ya tsorata yakan miƙe wuya, ya kwantar da gashin kai, sai ya yi kamar mai dogon wuya. A jira ya natsu.

Son zuciya. Wanda ya fito da burin ganin baƙon tsuntsu yana iya ganinsa ko da babu shi. A fara ɗauka cewa tsuntsun da aka saba gani ne, sai in alamomi sun nuna ba shi ba ne.

Yadda ake fita kallo

A fita da sassafe, kafin iska ta taso. A tsaya inda rana take bayan mutum, ba gabansa ba.

A sa tufafi marasa haske. A yi tafiya a hankali, ba surutu, ba jifa. In tsuntsaye sun fara ɗaga kai gaba ɗaya, an matso da yawa, sai a tsaya.

A nemi wuraren da suke hutawa: tsibirin yashi a tsakiyar ruwa, da bakin gaɓa inda masunta ke gyara kifi.

In akwai madubin hangen nesa, wanda ake ce wa jumel, a yi amfani da shi. In babu, a zauna wuri ɗaya a yi haƙuri, tsuntsayen za su matso da kansu.

A duba garken ɗaya bayan ɗaya, daga hagu zuwa dama. Baƙon tsuntsu yakan shiga cikin ƴan'uwansa. Wannan taimako ne, domin ana iya gwada bakinsa da wuyansa da na wanda ke kusa da shi.

A nemi izinin masu gonakin bakin ruwa kafin a ratsa. A yankin tabkin Cadi da duk inda tsaro ke da wuya, kada a je sai an tuntuɓi mahukunta.

Abin da za a rubuta

Gani ya kori ji, amma abin da ba a rubuta ba yana ɓacewa. A riƙe ɗan littafi da alƙalami. A rubuta tun ana wurin, kafin a duba kowane littafin hotuna:

Rana, da wata, da shekara, da lokaci.

Sunan ruwan da garin da ke kusa.

Yawan tsuntsayen, da waɗanda suke tare da su.

Launin baki, da ido, da ƙafafu, da kai.

Zanen fiffike, sama da ƙasa.

Nisan da ke tsakaninka da tsuntsun, da yanayin haske.

A yi ɗan zane ko da bai yi kyau ba. In akwai salula mai ɗaukar hoto, a ɗauka da yawa, musamman daga gefe, inda baki da goshi ke fitowa. Ana iya ɗora idon salula bisa idon jumel a ɗauki hoto daga nesa. In ba a tabbata ba, a rubuta "ban tabbata ba". Wannan ba abin kunya ba ne, shi ne aikin gaskiya. Daga nan sai a kai labarin ga ma'aikatan gandun daji na kusa.

In an ga zobe a ƙafar tsuntsu

Masu bincike a Turai da gaɓar Afirka suna sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, na ƙarfe ko na roba mai launi. Kowane zobe yana da lamba ko haruffa. Ba laya ba ce, ba kuma dukiya ba ce. Da shi ake sanin inda tsuntsu ya fito da shekarunsa. Ta wannan hanya aka gano cewa mai baƙin kai yana iya wuce shekara 30 a duniya. In an ga zobe, a rubuta launinsa, da ƙafar da yake, da abin da aka rubuta a kai. Kada a kama tsuntsu ko a kashe shi domin zobe. Dokar Nijar ta shekarar 1998 game da farauta da kiyaye namun daji ta hana farauta ba da izini ba.

Gargaɗi game da murar tsuntsaye

An fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a Nijar a watan Fabrairu na 2006, a Magarya cikin jahar Damagaram. A shekarar 2023 cutar ta kashe tsuntsayen bakin teku masu yawa a Senegal da Gambiya, har da masu tokar kai. Cutar tana kashe kaji da zabi da agwagi, kuma tana iya kama mutum.

Saboda haka, in an ga tsuntsaye matattu ko marasa lafiya a bakin ruwa:

Kada a taɓa su da hannu, kada a fige, kada a ci.

A hana yara wasa da su, a hana karnuka ɗauka.

A nisanta kajin gida da agwagi daga wurin.

A wanke hannu da takalma da sabulu kafin a shiga gida.

A sanar da ma'aikatan kiwo ko na gandun daji ba da ɓata lokaci ba. Rigakafi ya fi magani.

Abin da ya kamata a riƙe

Mai dogon baki tsuntsun ruwan gishiri ne, ganinsa a tabkunanmu abu ne mai wuya. Ana gane shi da dogon baki, da kwantaccen goshi, da farin kai, da farin ido, da dogon wuya. Mai baƙin kai yana da baƙin ido, da gajeren baki, da baƙin tabo a bayan ido. Mai tokar kai yana da fararen ɗigo a tsinin fiffike, da duhu a ƙarƙashinsa. A haɗa alamomi da yawa kafin a faɗi suna, a rubuta abin da ido ya gani kawai.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. A waɗanne watanni ne baƙin tsuntsaye ke zuwa ruwan da ke kusa da garinku?

2. Wane suna dattawa da masuntan garinku suke kiran waɗannan fararen tsuntsaye? Ku tambaya, ku rubuta.

3. Faɗi alamomi uku da ke raba mai dogon baki da mai baƙin kai.

4. Mi ya sa ake jiran mai tokar kai ya tashi kafin a tabbatar da shi?

5. Mi za ka yi in ka tarar da tsuntsaye matattu a bakin tabki?